Darasi: Yadda Ake Shirya Hutu a Jirgin Ruwa Ba Tare da Biza ko Waya Sun Jefa Ka Cikin Asara Ba

Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga abin da muka saba, amma ba da nisa ba, domin rabinsa maganar waya ce da caja da intanet.

Duk mai hawa TikTok ko Instagram ya ci karo da bidiyon manyan jiragen ruwan nan masu kama da unguwa guda a kan teku. Wanda aka fi yaɗawa shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a watan Janairun 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20 ne da shi, kuma yana iya kwasar fasinja har 7,600. A ƙarƙashin irin wannan bidiyon sai ka ga farashi mai jan hankali: kwana bakwai, ƙasashe uku ko huɗu, ga ɗaki ga abinci, duk a kuɗin da bai kai na otal ba. Farashin ba ƙarya ba ne. Sai dai an rubuta tallar ce domin mutumin da fasfonsa ke buɗe masa ƙofa ba tare da biza ba, kuma layin wayarsa na can ne. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana dole ya fara lissafi daga wani wuri daban.

Don kada maganar ta zama a iska, zan ɗauki tafiya guda mu bi ta: zagayen yammacin Tekun Bahar Rum na kwana bakwai, wanda kamfanoni irin su MSC da Costa ke yi. Jirgin kan tashi daga Barcelona, ya biya Marseille a Faransa, sai Genoa da Civitavecchia da Naples ko Palermo a Italiya, wani lokaci Valletta a Malta ko Palma, ya dawo inda ya fara. Da dare ake tafiya, da safe ka farka a sabon gari, ka fita yawo, ka dawo kafin yamma. Jirgin ne otal ɗinka, shi ne kuma motarka. Daɗin ke nan, kuma haɗarin ke nan, domin idan ya tashi ya bar ka, ɗakinka da kayanka da hanyar tafiyarka duk sun tafi lokaci guda.

Biza ce gaba da tikiti

A nan aka fi tafka asara, don haka a nan zan fi daɗewa. Kamfanin jirgi zai sayar maka da tikiti ba tare da ya tambaye ka biza ba. Sai ranar hawa, a bakin tasha, ma'aikaci zai buɗe fasfonka. Idan takardunka ba su cika ba, ba za ka hau ba, kuma a ƙa'idar da ka amince da ita lokacin biya, neman biza nauyinka ne, ba za a mayar maka da ko sisi ba.

Tafiyar da muka ɗauka tana buƙatar bizar Schengen, wadda ƙasashe 29 ke amfani da ita. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya wadda ba ta gaza yuro 30,000 ba. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tafi. A ƙa'ida amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawar kanta wani aiki ne, musamman gab da bazara. Dokar Schengen tana son fasfon ya rage da aƙalla wata uku bayan ranar fitarka, amma yawancin kamfanonin jirgi wata shida suke nema. Ka bi na wata shida.

Abu biyu kan ruɗa mutane. Na farko, wace ƙasa za ka nema? Ƙa'idar ita ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, idan kuma duk ɗaya ne, to wadda za ka fara shiga. A zagayen namu, ko da a Barcelona za ka hau, Italiya na iya ɗaukar tashoshi uku, saboda haka ita ke iya zama mai haƙƙin ba ka biza. Ka ƙirga kwanakin da kyau, har da daren da za ka kwana a otal kafin hawa, sannan ka tambayi ofishin jakadancin a rubuce.

Na biyu, kuma shi ya fi zafi, shi ne bambancin biza mai shiga sau ɗaya da mai shiga da yawa. Wasu jiragen kan tsaya a La Goulette ta Tunisiya, ko Kotor ta Montenegro, ko Kusadasi da Istanbul a Turkiyya. Waɗannan ba sa cikin Schengen. Da zarar jirgi ya tsaya a can, ana ɗaukar ka fita ke nan, dawowarka Italiya ko Girka kuma shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya ana iya hana shi hawa tun daga ranar farko. Kada ka ce ai ba zan sauka a garin ba, zan yi zamana a ɗaki. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar wannan hujjar, suna neman takardun kowace tasha ko za ka taka ƙasa ko ba za ka taka ba. Ra'ayina shi ne, mai tafiyar farko ya zaɓi hanyar da duk tashoshinta ke cikin Schengen, ya huta da ciwon kai.

To yaya za a yi, tunda ofishin biza yana son ganin shaidar kama wuri, kai kuma ba ka son biyan kuɗi kafin biza? Mafitar tana cikin yadda ake biyan kuɗin jirgin ruwa. Kashi biyu ne: kafin alƙalami a farko, sai cikon kuɗi daga baya, yawanci tsakanin kwana 60 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Kafin wannan ranar, fasa tafiya ba ya cin kuɗi sosai. Bayanta kuwa tarar tana hauhawa har ta cinye kuɗin gaba ɗaya. Dabarar ita ce ka kama wuri da wuri, wata bakwai ko takwas kafin tafiya, ka zaɓi farashin da ake mayar da kafin alƙalaminsa ko da ya ɗan fi tsada, ka miƙa takardun biza da zarar an shiga wata shidan nan, ta yadda amsa za ta zo kafin ranar cikon kuɗi. Ka sa wannan ranar a kalandar wayarka da ƙararrawa biyu. Garaɓasar “saura mako uku a tashi” da ake tallatawa ba taka ba ce, sai dai idan kana da biza a hannu tun da.

Wanda bai son wahalar Schengen yana da wasu hanyoyi. Akwai jiragen da ke tashi daga Dubai da Doha a lokacin sanyi, kamar daga Disamba zuwa Maris. MSC na tashi daga Durban da Cape Town a lokacin zafin Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik da Namibiya. Saudiyya ma ta kafa nata kamfanin, AROYA, wanda ya fara tashi daga Jidda a watan Disambar 2024. Kowannensu da nasa sharuɗɗan biza, kuma na ƙasashen Larabawa kan sauya ba zato, don haka tambayar ɗaya ce: tasha nawa, ƙasa nawa, shiga sau nawa. Katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, ya kasance tare da fasfo, domin Afirka ta Kudu da Mozambik na nemansa daga wanda ya fito daga Najeriya. Sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Jirgin sama kuma, ka isa garin da za a tashi kwana guda kafin ranar. Daga Kano ko Abuja ko Yamai sai ka sauya jirgi a hanya, a Alƙahira ko Doha ko Istanbul ko Casablanca. Jinkirin awa huɗu a tafiyar otal ɓacin rai ne kawai. A tafiyar jirgin ruwa kuwa, ƙarshen hutun ke nan.

Farashin da ka gani da wanda za ka biya

Farashin talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan ninki biyu. A kansa akwai harajin tashoshi, sai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗorawa kowace rana a kan kowane mutum. Kamfanonin Amurka na cajin kimanin dala 16 zuwa 20 a rana. Ɗauki dala 18: mutum huɗu, kwana bakwai, dala 504 ke nan da ba ka gan su a tallar ba. Wasu kamfanonin Turai na haɗa shi cikin farashi, wasu ba sa haɗawa, sai ka duba.

Abincin babban ɗakin cin abinci da na wurin ɗebi-da-kanka kyauta ne. Lemon kwalba, ruwan gora, kofi na musamman, intanet, wanki, hotunan da masu ɗaukar hoton jirgi ke yi maka, duk da kuɗi. Za a yi ta tallata maka kunshin abin sha. Mafi tsadarsu domin masu shan giya aka tsara shi, wanda ba ya sha ya nemi na lemo da ruwa kawai, ko ma ya bar shi ya riƙa saye ɗai-ɗai.

Ba a kashe tsabar kuɗi a cikin jirgi. Za a ba ka kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma asusunka. Za a haɗa shi da katin bankinka, a riƙe wani adadi a matsayin jingina, kuma sakin wannan jinginar kan ɗauki kwanaki bayan an sauka. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, iyakar kuma tana sauyawa, don haka ka tambayi bankinka kafin tafiya. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali, kuma yawancin jirage na yarda ka ajiye tsabar dala ko yuro a teburin karɓar baƙi. Idan na'urar biyan kuɗi a wani shago ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi kuɗin ƙasar da kake. Canjin da na'urar ke yi maka da kanta kusan kullum ya fi tsada.

Maganar ɗaki ba ta da tsawo. Akwai na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, sai na alfarma. A tafiyar Bahar Rum da kusan kullum kana cikin gari, ɗakin ciki ya wadatar, kuɗin baranda ka kashe shi a yawo. Wanda ke tsoron jiri ya nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, nan ne aka fi samun sauƙin tangaɗi. Ka buɗe taswirar jirgin a shafin kamfanin ka ga me ke samanka da ƙasanka. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin kiɗa ko kicin ba ya barci.

Wayarka a tsakiyar teku

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Manyan jiragen nan suna da nasu turken sabis na waya, wanda ake kunnawa idan an yi nisa da gaɓa, kuma ta tauraron ɗan Adam yake wucewa. Wayarka ba ta san bambanci ba. Da ta rasa sabis na ƙasa, sai ta kama na jirgi da kanta, ka ga wani baƙon suna a saman allo, kamar Cellular at Sea ko Telenor Maritime, ko lamba mai farawa da 901. Wannan romin ɗin yana cikin mafi tsada a duniya, kuma ba ya shiga cikin kunshin romin na yau da kullum. Ko layin Turai da ke yawo kyauta tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai, rangwamen bai shafi sabis na jirgi ba. Mai layin sa-kati zai wayi gari kuɗinsa ya ƙare tas. Mai layin biya-a-ƙarshen-wata kuwa, takardar da za ta zo masa sai ya zauna kafin ya karanta. Ba sai ka taɓa wayar ba ma, WhatsApp da imel da ajiyar hotuna suna aikinsu kana barci.

Maganin mai sauƙi ne. Kafin jirgi ya bar tasha, kunna yanayin jirgin sama, alamar nan mai hoton ɗan jirgi, sannan ka kunna Wi-Fi shi kaɗai. Ka shiga saitunan layi ka kashe romin na data a kowane layi, domin ranar da ka manta. Ka yi wa wayar uwargida da ta yara haka, har da agogon hannu ko tablet mai layi a ciki.

Da Wi-Fi na jirgi za ka yi amfani da manhajar kamfanin kyauta, ba sai ka sayi intanet ba. MSC for Me, Carnival Hub da manhajar Royal Caribbean duk haka suke aiki: jadawalin rana, taswirar jirgi, lissafin abin da ka kashe, wasu har da tura saƙo tsakanin fasinjoji. Kamfanin Princess ma ya wuce nan, tun 2017 yake ba fasinja wani ɗan ƙaramin faifai mai suna Medallion da ke buɗe ƙofar ɗaki da ka matso. Ka sauke manhajar tun kana gida, ka yi rajistar hawa a cikinta, ka ɗora hoton fasfo, ka zaɓi lokacin zuwa tasha. Sauke ta a cikin jirgi ba tare da intanet ba wahala ce.

Shi intanet ɗin jirgi ya sauya sosai. A da, da taurarin da ke nisan kilomita 35,786 ake amfani, saƙo ya je ya dawo sai ya ci fiye da rabin daƙiƙa, kiran bidiyo ya zama azaba. A watan Agustan 2022 Royal Caribbean ya sanar da komawa Starlink, wanda a lokacin taurarinsa ke kusan kilomita 550 kacal daga ƙasa, sauran manyan kamfanoni kuma suka bi sahu. Yanzu kiran WhatsApp na tafiya lafiya a mafi yawan lokuta. Sai dai mutum dubbai ne ke rabon hanya ɗaya, da yamma idan kowa ya dawo sai ta yi nauyi. Kuɗinsa kan kama daga kimanin dala 15 zuwa 30 a rana kan na'ura ɗaya, kuma saye kafin tafiya ya fi araha. Kunshin na'ura ɗaya yakan yarda ka fita daga waya ka shiga a kwamfuta, matuƙar ba lokaci guda ba.

Ni dai a tafiyar Bahar Rum ban ga dalilin sayen intanet na mako guda ba, sai ga wanda kasuwancinsa ba ya jira. Kusan kullum kana tasha daga safe zuwa yamma, kuma a tasha sabis na ƙasa na kamawa ko kana cikin jirgi. Layin eSIM na Turai baki ɗaya, irin wanda Airalo ko Holafly ke sayarwa, zai yi maka aiki a Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta a kuɗin da bai kai na kwana biyu a jirgi ba. Don sanin ko wayarka na ɗaukar eSIM, danna *#06#. Idan ka ga lambar EID, tana ɗauka. iPhone daga XS zuwa sama suna da shi, haka da yawa daga manyan Samsung tun daga Galaxy S20, amma yawancin Tecno da Infinix da itel ba su da shi. Mai irin waɗannan sai ya sayi layi na roba a Barcelona da fasfonsa. Ka ɗora eSIM ɗin tun kana da intanet mai kyau a gida.

Akwai kuma lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙon tes. Idan layinka na gida a kashe yake, ba za ta shigo ba, ga ka a gaban mai shago kuɗi sun ƙi fita. Kafin tafiya ka koma amfani da token na manhajar bankin ko na hannu, ko ka sa a riƙa turo maka ta imel. Idan dole sai tes, kunna layin gida a tasha kawai, data a kashe.

Sauran shirin na daren ƙarshe a gida ne: sauke taswirar kowane gari a Google Maps domin amfani ba intanet, sauke Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci a Google Translate, dakatar da ajiyar hotuna ta Google Photos ko iCloud, ɗauki hoton fasfo da biza da inshora, ka kuma buga su a takarda. Iyalin da ke gida za su iya bin jirgin a taswira ta MarineTraffic ko VesselFinder, sunan jirgin kawai za su rubuta. Wannan yana rage kiran “kuna ina yanzu?”.

Agogon jirgi

Jirgi ba ya jiran kowa. Ana rubuta lokacin dawowa a bakin ƙofar fita, yawanci minti 30 kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda ba lallai ya yi daidai da na garin ba. Misali, a lokacin bazara Italiya na gaban Tunisiya da awa ɗaya. Idan kyaftin ya bar jirgin a kan lokacin Italiya, kai kuma wayarka ta kama sabis na Tunisiya ta gyara kanta, za ka ga ƙarfe huɗu alhali a jirgi biyar ta yi. Ka kashe saitin gyara lokaci da kansa, ka daidaita da na jirgi kowace safiya. Agogon hannu na dubu biyu ya fi wayar miliyan amfani a wannan wurin.

Ka kuma lura da nisan tasha da garin da aka tallata. An rubuta Roma, amma a Civitavecchia ake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin, tafiyar awa ɗaya ko fiye a jirgin ƙasa. An rubuta Florence, a Livorno ko La Spezia za ka sauka. Venice ma tun watan Agustan 2021 aka hana manyan jirage ratsa tsakiyarta, wasu a Marghera suke tsayawa, wasu har Ravenna ko Trieste. Yawon da kamfanin jirgi ya shirya yana da tsada, amma idan motarsu ta makara za a jira ta, ko su ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Idan da kanka ka fita, kai da aljihunka. A wurare masu nisa irin Roma ina ganin a biya na kamfani, a wurare irin Valletta ko Palermo ko Genoa da gari ke bakin tasha a taka da ƙafa. A takardar jadawalin kowace rana akwai lambar wakilin kamfanin a wannan tashar. Ɗauki hotonta kafin ka fita, shi za ka kira idan abu ya ɓaci.

Caja, soket, da kayan da za a ƙwace

Ɗakunan jirgi suna da soket irin na Amurka mai bolt 110 da irin na Turai mai bolt 220, kuma ba su da yawa, tsofaffin jirage biyu ko uku kawai. Cajar Najeriya da Ghana mai baki uku ba za ta shiga ko ɗaya ba sai da adafta. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi sun huta, nasu irin na Turai ne. Kada ka ɗauko ekstenshan ɗin gida. Mai kariyar hauhawar wuta haramtacce ne a kusan kowane jirgi, domin tsarin wutar jirgi ya bambanta da na gida kuma yana iya sa shi ya yi zafi ya kama da wuta. Royal Caribbean ma tun 2024 ya hana har marar kariyar. Abin da ya fi shi ne caja guda mai ramukan USB huɗu ko biyar.

Gobara ce babban abin tsoro a teku, shi ya sa ake ƙwace dutsen guga, hita, butar lantarki, kyandir da tukunyar shisha. Hajiya ta yi haƙuri, turaren wuta da kaskonsa, har na lantarki, su zauna a gida, humra ta wadatar. Duron mai ɗaukar hoto yawanci ana riƙe shi ko a hana shi gaba ɗaya, wasu kamfanonin kuma sun hana rauta da kwanon Starlink na hannu da lasifikar Bluetooth. Kilishi da dambun nama kuwa tun a filin jirgin sama za a raba ka da su, Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara daga waje ba.

Fawa-bank a jakar hannu yake tafiya a jirgin sama, kuma kada ya wuce 100Wh. Mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, ya wuce lafiya, daga 27,000mAh ne ake isa iyaka. Bangon ɗakin jirgi ƙarfe ne, don haka 'yan ƙugiyoyi masu maganaɗisu za su rataye maka hula da jaka da hijabi. Babban akwati za ka miƙa shi a tasha, ba zai iso ɗaki ba sai yamma, saboda haka fasfo, magani, caja da kayan canji su kasance a hannunka. AirTag ko SmartTag a cikin akwatin zai nuna maka ko ya bar Istanbul tare da kai.

Salla, abinci da lafiya

Kamfas na waya da maganaɗisun ƙasa yake aiki, jirgi kuwa tulin ƙarfe ne, don haka kibiyar alƙibla a cikin ɗaki ba abin dogaro ba ce. A talabijin ɗin ɗaki akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita za ka gane gabas. Ka tuna a Kano alƙibla gabas ce mai karkata arewa, a Barcelona da Roma kuwa gabas ce mai karkata kudu. Manhajar lokutan salla tana buƙatar sanin inda kake, kuma GPS ba ya neman intanet, sarari kawai yake so, sai ka hau saman jirgi ta kama. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da juyawar jirgi ana cikin salla, wannan a tambayi malamai kafin a tashi.

Abincin halal sai an nema tun da wuri, makonni kafin tafiya, ta hanyar fom ɗin buƙatu na musamman, kuma ba kowane jirgi ke da shi ba. Kifi, ƙwai, taliya da kayan lambu suna nan kullum, sai dai a tambaya ko an dafa da giya, domin girkin Italiya da Faransa na yawan sa ta a miya.

Akwai asibiti a jirgi amma da kuɗi, masu yawa kuwa. Inshorar da ka saya domin biza ka karanta ta, ka tabbata ta haɗa da jinya a jirgin ruwa da ɗauke marar lafiya zuwa gaɓa. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, da yawa kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba. Cutar amai da gudawa ta norobairos na saurin yaɗuwa a cunkoso, kuma wanke hannu da sabulu ya fi man goge hannu tasiri a kanta. Maganin jiri a sha shi kafin teku ta fara motsi, citta ma na taimaka wa wasu. Duk maganin da ke da kodin ko tramadol a tafi da takardar likita da kwalinsa na asali, musamman mai bi ta Dubai ko Masar.

Ranar hawa za a yi atisayen ceto, kuma wajibi ne. Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka cewa a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Yanzu a jirage da yawa bidiyo za ka kalla a manhaja ko talabijin, sannan ka je wurin taruwarka a duba katinka. Ka je da yaran, su ga hanyar da idonsu, su haddace harafi ko lambar wurin.

Daren ƙarshe za a ce ka fitar da akwati bakin ƙofa kafin ka kwanta. Ka ware kayan da za ka sa da safe, an sha ganin wanda ya tura komai ya rage daga shi sai rigar barci. A daren ne kuma za ka buɗe lissafinka a manhaja ka bi shi layi-layi, domin gyara kuskure a teburin karɓar baƙi minti goma ne, bayan an sauka kuwa sai imel na makonni. Jirgin yakan iso tasha da asuba, amma fita na iya kaiwa ƙarfe tara ko goma, don haka kada ka kama jirgin sama mai tashi kafin azahar.